Daga rumbun intanet zuwa allon aji: yadda malaman kimiyya da lissafi ke aiki da laburaren dijital

Malamin kemistiri a babbar sakandare a Kano ko Gusau, idan ya buɗe ɗaya daga cikin manyan rumbunan ilimi na intanet ya rubuta sunan asid ɗin da yake koyarwa kowace shekara, wato tetraoxosulphate(VI) acid, abin da zai fito masa bai taka kara ya karya ba. Sai ya kife wayar ya ce ai ba su da kayanmu. Alhali kayan na nan jibge, suna ne ya sha bamban. A wajen masu rumbun sulfuric acid ake cewa, kuma f suke sawa a inda littattafanmu ke sa ph. Haka malamin lissafi zai nemi indices ya tarar can exponents ne, surds su ne radicals, gradient shi ne slope, simultaneous equations kuma systems of equations. BODMAS ɗin da yaro ya haddace tun firamare, a Amurka PEMDAS ne. Kaya dai akwai su har sun yi yawa. A kan hanya tsakanin rumbu da allon aji ake zubar da yawancinsu.

Laburaren dijital tari ne na littattafai da bidiyo da zane-zane da tambayoyi da gwaje-gwajen kwaikwayo, wanda wasu suka tace, suka jera bisa fanni da aji, suka rubuta wa kowane abu sunan wanda ya yi shi da sharaɗin amfani da shi. Wannan tacewa ce ta raba shi da tulin PDF da ke yawo a WhatsApp da Telegram, wanda ba a san uwarsa ba balle ubansa. Hukumar NSF mai tallafa wa binciken kimiyya a Amurka ta kafa National Science Digital Library a 2000 don malaman kimiyya da lissafi. Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel ta fiziks a 2001, ya kafa PhET a Jami'ar Colorado a 2002, inda ake ƙera gwaje-gwajen kwaikwayo, wato gwajin kimiyya da ake yi a allon kwamfuta. GeoGebra ta lissafi ta fara ne a 2001 a hannun Markus Hohenwarter a Jami'ar Salzburg ta Ostiriya. OpenStax na Jami'ar Rice yana fitar da littattafai kyauta tun 2012, Siyavula na Afirka ta Kudu yana da na lissafi da kimiyya na sakandare, ga bidiyoyin Khan Academy. A gida akwai Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF a 2022, da littattafan kwas na jami'ar NOUN da kowa ke iya saukewa.

Akwai guda da cibiyarsa ke binne a nan. Wani Ba'amurke, Cliff Missen, ya zo koyarwa Jami'ar Jos a 1999, ya ga yadda intanet ke tafiyar hawainiya. Da ya koma Jami'ar Iowa sai suka fara kwafe shafuka da izinin masu su, suna zubawa a faifan kwamfuta ana kai wa makarantun da layi bai ishe su ba. Sunan da suka sa masa eGranary, wato rumbu. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan, amma dabarar ba ta tsufa ba: a ɗebo sau ɗaya, a ajiye a gida, a riƙa ci a hankali.

Aikin da ake yi kafin a shiga aji

Amfani mafi girma da malami ke yi da laburare, ɗalibai ba sa ganinsa. A makarantu da dama wanda ya karanta bayoloji ake miƙa wa kemistiri, ɗan bautar ƙasa da ya karanta injiniya a ba shi lissafin SS3, wanda ya yi NCE da daɗewa a ce ya koyar da babin da rabonsa da shi tun yana ɗalibi. Irin wannan malami da wuya ya tambayi abokin aiki a ɗakin malamai, kunya ba za ta bar shi ba, amma zai iya zama da daddare ya karanta babin a wayarsa. Littafi irin College Physics na OpenStax an rubuta shi don 'yan shekarar farko a jami'a ne, ya fi ƙarfin yaron SS1. Daidai yake da malaminsa, wanda ake so ya wuce abin da zai koyar da taki biyu ko uku.

Waɗanda suka goge ba sa farawa daga laburare. Daga jadawalin darussan zango suke farawa, wanda aka ciro daga manhajar NERDC, hukumar da ke tsara karatun makarantu a Najeriya. Manhajar karatu ake nufi a nan, don yanzu kalmar ta zama mai baki biyu, ta waya ma manhaja ce. Daga nan sai rahoton manyan masu duba jarrabawa na WAEC, wanda hukumar ke sawa a shafinta na koyo, takarda-takarda, tambaya-tambaya, da bayanin inda ɗalibai suka fi faɗuwa. Da waɗannan biyu malam zai fito da matsala guda ƙarama. Misali: me ya sa yara ke ɗauka cewa in aka jera ƙwan fitila biyu a waya ɗaya, na farko yana shanye wutar kafin ta isa na biyu? Da irin wannan tambaya ake shiga rumbu. Wanda ya shiga da kalmar electricity kawai zai fito bayan awa biyu da fayil talatin, data ta ƙare, darasin gobe bai rubutu ba.

Daidaita aji ba shi da wuya. JSS1 yana kusa da Grade 7 nasu, SS1 Grade 10, SS3 Grade 12. Sai dai ba kowane babi ke zaune a inda muka ajiye shi ba. Bearings, da lissafin longitude da latitude, da aiki da teburin logarithm mai lamba huɗu, duk WAEC na tambayarsu, amma a kwasa-kwasan Amurka ko dai a warwatse suke ko babu su ɗungurungum. Malamin da ya bi jerin bidiyon Khan Academy daga farko zuwa ƙarshe a matsayin jadawalinsa zai wayi gari a zango na uku da ramuka a manhaja.

Sai gyaran ma'auni, inda aka fi samun ɓarna a ɓoye. Littattafan waje suna ɗaukar g a matsayin 9.8, tambayoyin WAEC galibi 10 suke bayarwa, saboda haka amsar da ke bayan littafi ba za ta dace da ta allo ba, yara su zaci malam ne ya yi kuskure. Wutar gida a Amurka volt 120 ce mai hertz 60, tamu 230 mai hertz 50. Ƙwai mai watt 60 a misalinsu yana jan amfiya 0.5, a namu kusan 0.26. Su lita suke rubutawa, mu dm³. Siyavula waƙafi yake sawa a inda muke sa ɗigo, 3,14 maimakon 3.14, kuma yaron da ba a gargaɗa ba zai karanta 1,250 a matsayin dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin alhali ɗaya da kwata ake nufi. Malaman Maraɗi da Damagaram ba su da wannan matsala, tsarin Faransanci ma waƙafin yake amfani da shi. Mafi haɗari shi ne launin wayoyin wuta. A zanen Amurka baƙar waya ce mai wuta. A tsohon tsarin Ingila da ke cikin gidajenmu da yawa ja ce mai wuta, baƙa ita ce neutral, a sabon tsari kuma ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya neutral. Hoton da aka ɗauko ba a duba ba yana iya koya wa yaro abin da zai kashe shi. A bayoloji abin bai kai haka muni ba, amma darasin da ya cika da itatuwan da yaro bai taɓa gani ba gara a musanya su da kuka da bagaruwa da dogon yaro, a sa ƙadangare da karfasa a gurbin dabbobinsu.

Ƙa'ida ɗaya ba ta da sassauci: duk tambayar da za a ba yara, malam ya fara warware ta da hannunsa a takarda. Manyan littattafai ma suna da kurakurai, shi ya sa OpenStax ke da shafin gyare-gyare. Tarin tsofaffin tambayoyi masu amsa da ke yawo a wayoyi kuwa, amsar banza a cikinsu ba ta ƙirguwa.

Data, wuta da filashi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Malamin da ya shiga aji da niyyar buɗe bidiyo kai tsaye daga intanet ya miƙa darasinsa ga sabis. Lissafin ma bai goyi bayansa ba. Bidiyon minti 10 mai matsakaicin kyau, a kan kilobit 500 a daƙiƙa, ya kama megabayit 37.5. In yara 60 kowa ya kalla da datarsa an ƙone gigabayit 2.25 a kan abu ɗaya. In mutum ɗaya ya sauke da daddare ya tura wa sauran ta Xender ko Bluetooth, megabayit 37.5 ɗin ne kawai. Gwaje-gwajen PhET sun fi haka arha. Kowanne fayil ɗaya ne na HTML mai megabayit kaɗan, ana sauke shi ya yi aiki ba intanet. Abin lura shi ne a buɗe shi da Chrome ko Firefox, domin wasu wayoyi suna jefa shi cikin manhajar duba takardu, sai a ga farin shafi a zaci fayil ɗin ya lalace.

Makarantar da ke son abin ya wuce wayar malami ɗaya tana kafa nata rumbun. Ana samun kwamfuta ɗaya, ko tsohuwar laftof ko Raspberry Pi, wato ɗan ƙaramin kwamfuta da bai wuce tafin hannu ba, a zuba mata manhajar Kolibri ko Kiwix masu aiki ba intanet, ko a ɗauki haɗaɗɗen tsari irin RACHEL ko Internet-in-a-Box. Ita za ta watsa Wi-Fi nata, wayoyi da kwamfutocin da ke kusa su shiga ba tare da ko sisin data ba. Kiwix yana ɗauke da Wikipedia a dunƙule cikin fayil mai suna ZIM. Ta Ingilishi gaba ɗaya da hotuna ta kai wajen gigabayit 100, amma akwai yankakkun na lissafi ko fiziks ko kemistiri kaɗai, akwai ta Hausa, akwai PhET ma. Kolibri ya ɗara da abu guda: malami yana iya haɗa darasi daga tushe daban-daban, ya ba aji, ya ga wanda ya yi da wanda bai taɓa ba.

Wuta ita ke yanke hukuncin abin da za a saya. Raspberry Pi yana cin wajen watt 5. Power bank mai mAh 20,000 yana riƙe da kusan watt-awa 74, in aka cire asarar juya wuta zai riƙe shi kamar awa goma, wato yinin makaranta har da ragowa. Majigi mai fitila kuwa yana jan watt 200 zuwa 300, ba ya tashi sai da janareta ko sola mai ƙarfi, kuma a ajin da rana ke shigowa ta tagogi marasa labule hotonsa fari fat yake fita. Talabijin LED mai inci 32 ba ta kai watt 60 ba, ta fi shi haske da rana, illarta 'yan bayan aji ba sa ganin ƙananan lambobi. Makarantu da yawa sun sayi majigi don shi ke burge baƙi, yana nan a ofishin shugaban makaranta cikin kwalinsa.

Abubuwan da ke kashe irin wannan rumbu ƙanana ne, kuma kusan kullum su ne dai. Na farko jabun memori. An rubuta gigabayit 128 a jiki, cikinsa 8 ne. Zai nuna ya karɓi komai, sai an zo buɗewa a tarar da fayilolin fanko ne. Manhajar H2testw tana tona asirinsa kafin a zuba komai. Na biyu, filashin da aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya wuce gigabayit 4, ko da akwai fili, sai an mayar da shi exFAT. Na uku ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu a katin SD, wanda ke iya hana na'urar tashi gaba ɗaya. Maganinsa a bi ta batir, a kuma ajiye kwafin katin a aljihun tebur. Ga cutar kwamfuta mai mayar da manyan fayiloli shortcut, wadda filashi ke kwasowa daga shagon buga takardu. Ga ƙurar hunturu da zafin bazara. Wi-Fi ɗin cikin Raspberry Pi shi ma ba a yi shi don cikakken aji ba, da wayoyi sun yi yawa sai ya fara zubar da su, dole a haɗa masa rauta. Tsofaffin tarin da aka kwafa shekaru da suka wuce kuma cike suke da kayan Flash, wanda kamfanin Adobe ya daina tallafa wa a ƙarshen 2020, ba sa buɗuwa a sababbin burauza.

Minti arba'in

A yawancin makarantun gwamnati, musamman na kwana, an hana ɗalibai waya, ɗakin kwamfuta kuma in akwai shi ba ya ɗaukar aji guda. Abin da ya rage shi ne allo ɗaya, yara sittin ko tamanin, minti arba'in. Ana iya aiki da haka, muddin ba a mayar da shi gidan kallo ba.

Ga darasin ƙwai biyu na ɗazu, da Circuit Construction Kit na PhET. An kunna komai an gwada tun lokacin tara, don haɗa waya a gaban yara yana cin minti goma. Malam ya haɗa batir mai volt 9 da ƙwai ɗaya mai ohm 10, ya sa ma'aunin amfiya, ya nuna 0.9. Sai ya tsaya, ya cire hannu daga kwamfuta. Ya zana a allo ƙwai biyu a jere, ya ce kowa ya rubuta a littafinsa wanne zai fi haske, na kusa da batir, na nesa, ko daidai suke, da dalili a layi ɗaya. A ɗaga hannu a ƙirga, a rubuta adadin a gefen allo. Wani kaso mai yawa zai ce na farko. Sai a kira yarinya ɗaya daga cikinsu ta zo ta haɗa da hannunta. Ƙwayayen biyu suka kama daidai wa daida, duka sun dushe. A sa ma'auni kafin ƙwan farko, 0.45. Tsakaninsu, 0.45. Bayan na biyu, 0.45. A nan ne aji ke yin tsit, kuma wannan shirun shi ake nema. Daga nan a koma alli: ohm 10 da ohm 10 sun zama 20, 9 a raba da 20 ya ba da 0.45. In darasi biyu ne a haɗe, a sake zagayen da ƙwayayen kowanne a reshensa, inda kowane ɗaya ke jan 0.9, batir na fitar da 1.8. Shi ne dalilin da ya sa in ƙwan ɗaki ya mutu na zaure ba ya mutuwa.

Duka lokacin da allon kwamfuta ya yi aiki a wannan darasi bai wuce minti goma ba. Rubuta hasashe kafin a gani shi ne ƙashin bayan abin. In aka tsallake shi, yaro zai kalla ya gyaɗa kai, ya fita da tsohon tunaninsa yadda ya shigo da shi. Akwai maɓalli guda da ya kamata a duba tun farko: gwajin yana iya nuna tafiyar electrons ko ya nuna conventional current, kuma kibiyoyinsu kishiyar juna ne. A zaɓi wanda ya dace da zanen allo, in ba haka ba an buɗe sabuwar rigima. Yara kuma ba za su bari a tashi ba sai sun haɗa kan batir da gindinsa sun ga ya kama da wuta. A bar su, wannan gobara ce da ba ta ƙona kowa, kuma ita ce bayanin amfanin fiyus.

Bidiyo ya fi kowa saurin lalata darasi. Lafazin mai magana baƙo ne, sauri gare shi, sifikar laftof ba ta kai layi na uku ba. Abin da ke aiki shi ne a yanko minti biyu ko uku, a kashe sautin, malam ya yi bayanin da bakinsa, yana tsayarwa yana tambaya.

A lissafi GeoGebra ta fi amfani a inda zanen alli ba ya motsi. Ɗauki ƙa'idar da ta ce kusurwar tsakiyar da'ira ninki biyu ce ta kusurwar bakin da'ira in a kan baka ɗaya suke tsaye. A allo misali ɗaya malam zai zana. A GeoGebra zai ja ɗigon ya zagaya da shi, yara na gani lambar ba ta canzawa. Amma akwai tarko biyu. Manhajar tana taƙaita lamba zuwa gurbi biyu bayan ɗigo, sai ta nuna 47.36 da 94.71, mai kaifin ƙwaƙwalwa a aji ya ce Malam ai 94.72 ya kamata. Gaskiya gare shi, kuma dama ce ta yin magana a kan taƙaita lamba, in malam ya shirya mata. Na biyu, da ɗigon ya tsallaka zuwa ƙaramin baka sai lissafin ya birkice: kusurwar baki ta koma 132.64, abokiyar tafiyarta kuma ta zama babbar kusurwar tsakiya, 265.29. In ba a saita yadda manhajar ke auna kusurwa ba, wata lambar daban ma za ta nuna. Malamin da bai gwada wannan a gida ba zai daskare a gaban allo. Sannan jan ɗigo sau ɗari ba hujja ba ce a lissafi. Yana sa yaro ya yarda, amma tabbatarwa layi-layi da alli ake yinta, kuma ita ce za ta cece shi a tambayar da aka juya zanen.

Inda kwaikwayo ya tsaya

Da babu gara ba daɗi, kuma makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje tana samun abu mai yawa daga kwaikwayo. Amma WAEC da NECO suna da takardar gwaji na hannu, kuma hannu ba ya koyo daga kallo. A Pendulum Lab na PhET, lilo mai tsawon mita 1 yana zuwa ya dawo cikin kusan daƙiƙa 2.0, a rage shi zuwa mita 0.25 ya koma 1.0, a kai shi duniyar wata ya ɗauki kusan 4.9. Wannan na ƙarshe babu ɗakin gwajin da zai iya nuna shi. Sai dai lambobin tsaf suke fita, ɗigogin jadawalin T² da L (T lokacin zuwa da dawowa, L tsawon zare) suna hawa layi kamar an jera su da rula. Yaron da wannan kaɗai ya sani bai san dalilin da ya sa ake ƙirga zuwa da dawowa 20 a raba ba, wato don jinkirin yatsa a kan agogo ya narke a cikin adadin. Bai san ana auna tsawo zuwa tsakiyar dalma ba, bai san fanka na ɓata awo ba, bai taɓa jan layin da ya fi dacewa a tsakanin ɗigogin da suka ƙi jeruwa ba. Su ne kuwa ake ba maki a kansu. Zare da ƙaramin nauyi da agogon waya sun isa a yi na gaske, kuɗinsu bai kai na katin data ba. Tsarin da ya fi kyau shi ne kwaikwayo ranar farko don a gane alaƙar, zare rana ta biyu don a sha wahalar awo.

Titration, wato gwajin auna yawan asid ɗin da zai daidaita alkali, ya fi haka tsanani. Babu bidiyon da zai koya wa yatsu sakin asid ɗigo-ɗigo daga burette, ko ido ya kama lokacin da methyl orange ya juya daga rawaya, ko a saba da karanta ƙasan meniscus, wato lanƙwasar saman ruwa a bututu, a daidai ido har a samu awo biyu da tazararsu ba ta wuce cm³ 0.20 ba. Amfanin bidiyo a nan shi ne a nuna jerin matakai kafin a shiga, don kada a yi asarar sinadarin da da ƙyar aka saya.

Akwai wani wuri da kwaikwayo ke yi wa mai jin Hausa aiki na musamman. Ana koyarwa da Ingilishi, amma kowa ya san in bayani ya cije malam Hausa yake juyawa. To a Hausar yau da kullum nauyi ɗaya ne, alhali fiziks ya raba mass da weight. Zafi ɗaya ne, ga heat ga temperature. Ƙarfi yana ɗaukar force da power da energy, wuta kuma ta haɗe current da voltage har da gobara. Bayani da baki yana komawa cikin kalmar da ta haɗa su. A gwajin Masses and Springs na PhET sai a rataya giram 100 a sifirin, a sauya duniya zuwa wata: lambar giram tana nan ba ta motsa ba, sifirin ya ja baya, domin newton 0.98 ya koma kusan 0.16. Abu biyu sun rabu a gaban ido, sai malam ya raɗa wa kowanne suna, ya riƙe sunan har ƙarshen zango ba ya sauyawa. PhET ya buɗe ƙofa ga masu sa kai su fassara gwaje-gwajensa, kuma duk malamin da zai shiga wannan aiki da waɗannan kalmomi huɗu zai fara kokawa.

Yawancin abin da aka ɗebo daga rumbu a takarda yake isa hannun yaro, kuma nan ma akwai rami. Takardun aikin Amurka an tsara su a girman Letter, faɗin milimita 216, namu A4 ne mai 210. Firinta za ta matse shafin ya shiga, layin da aka ce santimita 10 ne ya fito 9.7. Kusurwa ba ta canzawa, amma duk tambayar da ke buƙatar rula ta lalace. A zaɓi bugu a ainihin girma, a auna kwafin farko da rula kafin a buga tamanin. Jadawali mai layin ja da shuɗi kuma a fotokwafi duk baƙi ne, sai an bi ɗaya da biro an mayar da shi tsinke-tsinke.

Sharaɗin amfani yana shafin farko ko ƙasan shafi. Alamar CC BY ta ba da damar kwafa da gyarawa da fassarawa, in dai an ambaci mai shi. In an ƙara NC, ba a yarda a yi kasuwanci da shi ba, wanda ya shafi mai buga handawut yana sayarwa da mai lesin na kuɗi. Littafin kamfani da wani ya ɗauka a hoto ya watsa ba ya cikin wannan lissafi ko kaɗan, kayan sata ne ko da kyauta aka turo shi.

Ajiya ita ce ta ƙarshe da ake tunawa. Fayil mai suna download(7) ya ɓata ke nan ko yana cikin waya. Suna irin SS2 Fiziks Zango 2 Mako 4 ƙwai biyu, da 'yar takarda a gefensa mai layi uku, abin da aka tambaya, inda yara suka maƙale, minti nawa ya ci, shi ke sa darasin baɗi ya ɗauki rabin lokacin shiri. Kwafi biyu ake yi, ɗaya a kwamfutar makaranta, ɗaya a filashin da ba ya zuwa shagon buga takardu. Kalmar sirrin na'urar kuma a rubuta ta a littafin shugaban sashe, domin takardar canjin wurin aiki ba ta sallama, kuma akwai makarantun da rumbunsu ke nan lafiya lau a kan tebur, wanda ya san yadda ake shiga yana wata ƙaramar hukuma.